Dokar da Ta Cika Wa 'Yan Matan Jami'o'in Amurka Filin Ƙwallon Raga

Ranar 30 ga Agusta, 2023, mutum 92,003 suka yi dafifi a filin wasa na Memorial da ke birnin Lincoln, a jihar Nebraska ta Amurka. Filin na maza ne, a nan suke buga ƙwallon ƙafarsu irin ta Amurkawa. Amma ran nan sai aka shimfiɗa dandamali a cikinsa, aka kafa raga, ɗalibai mata na Jami'ar Nebraska suka kara da takwarorinsu na Omaha. A hukumance ba a taɓa ƙidaya 'yan kallo masu yawan haka a wani wasan mata ba a duniya. Adadin da ake alfahari da shi kafin nan shi ne 91,648, na karawar matan Barcelona da na Wolfsburg a 2022. Kuma wannan na Lincoln ba wasan cin kofi ba ne, farkon kaka ne kawai.

Inda kowace ƙungiya ke hanƙoron zuwa ita ce gasar ƙasa ta watan Disamba, wadda hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ke shiryawa tun 1981. Jami'o'i 64 ne ke shiga. Kusan rabinsu zakarun rukunoninsu ne, sauran kuma wani kwamiti ne ke zaɓo su bisa ƙwazon da suka nuna a kakar. Sili ɗaya ƙwale ake yi, wadda aka doke ta koma gida, don haka sai ƙungiya ta ci wasa shida a jere za ta ɗaga kofi. Wasannin farko a harabar jami'o'i 16 mafi ƙarfi ake buga su, huɗun da suka rage kuma su haɗu a birni ɗaya da aka ware tun da wuri.

Wasan kansa ba shi da wuyar fahimta. 'Yan wasa shida ne a kowane ɓangare, a fili mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, ragar mata kuma tsayinta mita 2.24. Taɓi uku kacal ƙungiya ke da shi kafin ta mayar da ƙwallo: ɗaya ta tare, ɗaya ta ɗaga, ta uku ta daka. Ana cin turmi da maki 25 da ratar maki biyu, wadda ta ci turmi uku ta yi nasara, idan kuma aka kai na biyar, a maki 15 ake tsayawa. Tun 2001 kowace faɗuwar ƙwallo maki ce, ko wa ya buga farko. Wannan gyara ya rage jan wasa, ya kuma yi wa gidajen talabijin daɗi.

A shekarun farko kofin bai bar Kalifoniya da Hawayi ba, sai a 1988 da Texas ta ɗauke shi. Stanford ce kan gaba da kofi tara. Penn State na biye da takwas, huɗu daga ciki a jere daga 2007 zuwa 2010, lokacin da ta yi wasa 109 ba a doke ta ba. Nebraska na da biyar.

To me ya sa jiha mai gonakin masara da shanu, wadda mutanenta ba su wuce miliyan biyu da ɗan wani abu ba, ta tara wannan jama'a don kallon 'yan mata? Ana yawan cewa don babu babbar ƙungiyar ƙwararru a jihar ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tushen ya fi haka zurfi. A 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Dokar ba ta ma ambaci wasanni ba, amma a can ta fi yin tasiri. Jami'ar da ta ɗauki nauyin karatun samari 'yan wasa, dole ta yi wa 'yan mata makamancin haka: gurbin karatu, koci mai albashi, ɗakin atisaye, kuɗin tafiya. Jami'o'i da dama sun yi ta jan ƙafa, an sha zuwa kotu. Nebraska tana cikin waɗanda suka riƙi abin da gaske. Terry Pettit ya karɓi ƙungiyar a 1977, bai ci kofi ba sai 1995. Shekara goma sha takwas ke nan ana biyan albashi ana jira, ba a kore shi ba. John Cook da ya gaje shi ya ƙara kofi huɗu, kuma tun 2001 tikitin wasannin gida ba ya kwantai. Wannan haƙuri ne ya fi ba ni sha'awa, ya fi adadin 92,003 ɗin kansa.

Sai dai dokar ta zo da wani abu da ba a yi zato ba. Kafin NCAA ta shigo, wata ƙungiya mai suna AIAW, wadda mata ke jagoranta, ita ke shirya gasannin mata. Da kuɗi suka shigo harkar, NCAA ta karɓe gasannin, AIAW ta rushe, aikin horar da mata kuma ya zama abin da maza ke rububi. A 1972 fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su. Daga baya adadin ya faɗi ƙasa da rabi. Shi ya sa aka shekara fiye da arba'in ana wannan gasa ta mata zalla, amma duk wanda ya ci kofin a matsayin babban koci namiji ne.

A Disamban 2024 aka karya wannan tarihi. A birnin Louisville, gaban mutum 21,860, Penn State ta doke Jami'ar Louisville da turmi uku da ɗaya, kuma kocin kowane ɓangare mace ce: Katie Schumacher-Cawley ta Penn State da Dani Busboom Kelly ta Louisville. Schumacher-Cawley, wadda ta ci kofin tana 'yar wasa a 1999, ta yi wannan kaka ne tana jinyar sankarar mama, tana zuwa asibiti tana komowa atisaye. A wasan daf da ƙarshe ma Nebraska ta sha gaban 'yan Penn State da turmi biyu, suka farfaɗo suka ci uku a jere. Wata guda bayan haka Cook ya yi ritaya, aka miƙa Nebraska ga Busboom Kelly, tsohuwar 'yar wasansu.

Najeriya na da jini a wannan gasa. Ogonna Nnamani, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ita aka zaɓa gwarzuwar gasar 2004 da Stanford ta lashe. Foluke Akinradewo ta Stanford da Chiaka Ogbogu ta Texas, su ma 'ya'yan 'yan Najeriya, suna cikin tawagar da ta ciyo wa Amurka zinarenta na farko a ƙwallon ragar mata a wasannin Olamfik na Tokyo. Tsayi da hazaƙa daga gida suka gada. Fili da koci da gurbin karatu kuwa doka ce ta tanadar masu.

Ƙwallon raga na cikin wasanni mafi araha, raga ɗaya da ƙwallo ɗaya sun ishi mutum goma sha biyu. Shugabannin jami'o'inmu da ke tura ɗalibai wasannin jami'o'in Najeriya na NUGA su buɗe kasafin wasanninsu na bana, su duba nawa aka ware wa 'yan mata, da kuma mata nawa ke cikin masu horar da su.