Kafin Ka Jefar da Resista, Duba Yatsunka

Sau da yawa mai gyaran rediyo yakan cire resista mai lafiya ya jefar, ya jawo wa mai kaya asarar kuɗi, wai don mita ta nuna ya lalace. Alhali kuwa laifin na hannunsa ne.

Wutar lantarki tana bi ta jikin mutum. Idan ka danne bakin wayoyin mita biyu da yatsu, to har da jikinka kake aunawa, sai adadin ya ragu. A ƙaramin resista ba a lura, amma a mai om 1,000,000 kuskuren babba ne, balle a Ikko ko Fatakwal inda gumi ba ya bushewa kamar a gida.

Kashe wuta tukuna, ka sauke cajin kwandensa, don kada mitarka ta ƙone. Narka dalma ka ɗaga ƙafar resistan guda. In mitar mai allura ce, haɗa wayoyin ka daidaita ta a kan sifiri. In ta ƙi kaiwa, batir ya yi sanyi.

Mai zoben ruwan ƙasa, baƙi, ja da ruwan zinariya, om 1,000 ke nan. Ko 950 ya nuna, ko 1,050, lafiyarsa lau.