Kafin a zuba kuɗin adashe a na'urar ƙarfafa jiki ta gida: abubuwan da ya kamata a duba

Duk wanda ya bi ta filin wasa na Janar Seyni Kunce da sassafe, ko ya gangara titin bakin kogi na Yantala da la'asar, zai ga yadda mutanen Yamai suka rungumi motsa jiki, wasu na gudu, wasu na tattaki. Sai dai akwai waɗanda ba a cika gani a can ba, su ne ƴan kasuwa, musamman ma mata. Wadda ta buɗe rumfa tun hantsi ba za ta rufe ba sai magariba, in ta koma gida ga girki ga yara, kuma ba kowace uwar gida ce za ta so shiga ɗakin motsa jiki da ke cike da samari ba. Wannan ne ya sa wasu ke tunanin sayen na'ura guda ɗaya mai haɗa motsi iri-iri su girke ta a gida, wadda da ita za a motsa ƙirji da baya da hannaye da ƙafafu ba sai an fita ba.

Shawarar ba laifi, to amma kuɗin da ake zubawa ba kaɗan ba ne, sau da yawa kwasar adashe ce sukutum. Abin da muke son jan hankalin masu karatu a kai shi ne, a sayi wannan na'ura da idon ɗan kasuwa: a duba ƙarfenta, a tambayi inda za a samu kayan gyaranta a nan Yamai, a kuma lissafta kwana nawa za a yi amfani da ita, kafin a kalli ƙyallin fenti.

Me ya sa ake buƙatar ƙarfafa jiki?

Wata za ta ce ai ni wuni nake ina aiki, wane motsi kuma ya rage? Gaskiya ne mai dako da mai daka suna motsa jiki, amma mai zama kan kujera tana auna shinkafa ko tana yanka atamfa daga safe zuwa yamma ta gaji ne kawai, naman jikinta bai yi aiki ba. Masana sun nuna cewa daga shekara 30 zuwa sama mutum kan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokar jikinsa a kowace shekara goma in ba ya motsa ta. Daga nan ne ake fara jin tashi daga tabarma ya zama aiki, buhun da ake ɗagawa da hannu ɗaya a da yanzu sai an kira yaro.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, kamar tafiya da sauri, sannan ya ƙara da motsin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 kuma sun nuna kashi 31 cikin 100 na manyan duniya ba sa samun motsin da ya ishe su, mata sun fi maza yawa a ciki. Ke nan na'urar rabin aikin take yi, tafiyar ƙafa na nan a matsayinta.

Iri nawa ne a kasuwa?

Tun a 1865 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Gustav Zander, ya buɗe gidan motsa jiki da na'urori a birnin Istokholm, sannan a 1957 wani Ba'amurke mai suna Harold Zinkin ya fito da na'ura mai haɗa motsi da yawa a jikin ƙarfe ɗaya. Daga waccan ce aka samu galibin waɗanda ake kawo mana yau daga Sin da Dubai da Turkiyya. A taƙaice iri huɗu ne.

Na farko shi ne mai jerin ƙarafa a baya, an ɗora su kamar bulo, ana zaɓar nauyi da ɗan ƙarfen da ake cusawa a rami. Shi ya fi sauƙin koyo, kuma nauyin ba ya faɗo wa mutum a ƙirji. Na biyu shi ne wanda ake jera wa faya-fayan ƙarfe da hannu, sau da yawa da sanda mai hawa da sauka a kan dogo biyu. Yana ɗaukar nauyi sosai, samari sun fi son sa, amma yana cin wuri, kuma faya-fayan daban ake sayensu. Na uku ba shi da ƙarafa, sanduna ne masu lanƙwasa ko igiyoyin roba ke ba da tauri. Ba shi da nauyin ɗauka, sai dai roba da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke haura 40 a Yamai, ba su cika shiri ba, in kuma sanda ɗaya ta karye samun irinta aiki ne. Na huɗu shi ne na zamani mai aiki da wutar lantarki da allo, wasunsu ma sai da intanet da biyan kuɗi duk wata.

Game da na huɗun, ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Na'urar da ke tsayawa in wuta ta ɗauke, kuma babu mai gyaran ƙwaƙwalwarta a gari, ba ta gidan ɗan kasuwa ba ce. Ga iyalin da miji da mata da manyan yara za su yi tarayya a kai, mu a ganinmu na farkon ya fi dacewa.

A fara da awon ɗaki

Kafin a je kanti, a ɗauki mita a auna wurin da za a ajiye ta. Yawancin irin waɗannan na'urori kan ci kusan mita 2 a tsawo, mita 1 ko fiye a faɗi, tsayinsu kuma ya kan ɗan haura mita 2, sannan dole a bar fili a gefe da gaba don miƙe hannu da ƙafa. A duba fankar sama, kada sandar ja ta riƙa dukanta. A auna ƙofa ma, domin in an tashi sauya gida, musamman ga masu haya, sai an kwance ta gaba ɗaya.

Ƙasan wurin ya zama siminti ne shimfiɗaɗɗe, a sa tabarmar roba mai kauri don kada ƙarfe ya fasa daɓe. Ajiye ta a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfar kwano kuskure ne: ƙurar hunturu za ta shige cikin boris, rana ta farfasa ledar kujera, damina kuma ta kawo tsatsa. Masu gidaje a Yantala ta gangare, kusa da kogi, sun fi kowa sanin abin da danshi ke yi wa ƙarfe.

Abin da za a taɓa da hannu a kanti

Hoton jikin kwali ba ya nuna inganci, sai an gwada akan san na ƙwarai. A nemi mai kanti ya nuna wadda aka riga aka haɗa, a zauna a kai, a ja, a tura.

Da farko a duba kaurin ƙarfen jiki. Na'urorin manyan ɗakunan motsa jiki kan yi amfani da ƙarfe mai kaurin kusan milimita 3, na gida masu kyau kuwa kusan milimita 2. Abin da ya gaza haka sosai zai riƙa rawa. A kama ta a girgiza, in ta yi lilo tun tana sabuwa, to a bar ta. A bi wuraren walda da ido, ya zama ɗinkin ƙarfen a jere yake, ba ɗigo-ɗigo ba da aka rufe da fenti.

Na biyu, igiyar ƙarfe da ƴan tayoyin da take bi a kai, irin na bakin rijiya, waɗanda makanikai ke kira puli. Nan ne na'ura ke fara mutuwa. Igiyar ta zama an lulluɓe ta da roba ba tsagewa, tayoyin kuma su zama masu boris, suna juyawa ba ƙara ba sarƙewa. A tambayi mai kanti kai tsaye: "Alhaji, in igiyar nan ta tsinke, kana da wata?" In ya ce sai an yi oda daga waje, a tuna cewa tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023 kaya da yawa suka bar hanyar Kwatano suka koma ta Lome da Burkina Faso, tafiyar sama da kilomita 1,000, don haka ƙaramin abu na iya ɗaukar watanni. Mai wayo kan sa a haɗa masa igiya guda da puli biyu na ajiya a cikin ciniki.

Na uku, benci da majingina. Su ke ɗauke da mutum da nauyin da yake turawa, kuma ko manyan kamfanoni kan yi tuntuɓe a nan. A watan Janairun 2004 an yi kiran a gyara na'urorin Bowflex kimanin 420,000 a Amurka, saboda majinginar bencin kan rufta da mutum. A karanta iyakar nauyin mai hawa da aka rubuta a takarda, a tabbata ya zarce nauyin wanda ya fi kowa jiki a gidan. A kuma duba ko kujerar na hawa da sauka, don abin da ya yi wa maigida daidai ba lalle ya yi wa uwar gida ba.

Na huɗu, lissafin nauyi, inda ake yawan ruɗa mai saye. In an ga an rubuta 150 da haruffan lb a gefe, ba kilo ba ne, awon Amurkawa ne, kilo 68 ke nan. Bugu da ƙari, a wasu na'urori yadda aka zagaya igiya kan raba nauyin biyu, a sa kilo 40 hannu ya ji 20. Ga mai farawa hakan ba matsala ba ce, amma kada a biya kuɗin abin da babu. A tambayi kuma nauyin kowane ƙarfe guda: galibi kusan kilo 5 ne, kuma tsalle daga 5 zuwa 10 ya yi yawa ga dattijuwa, sai a nemi ƴan ƙananan ƙarafan ƙari.

Kada a ruɗu da cewa na'ura na yin motsi 50 ko 100. Huɗu ne ginshiƙai: turawa da ƙirji, jawowa daga sama, jawowa daga gaba zuwa ciki, da turawa ko miƙewa da ƙafafu. Wadda ta yi waɗannan da kyau ta wadatar. Da yawa daga masu araha sukan yi sakaci da ƙafa, alhali gwiwa da ƙugu su ne kukan mai zaman rumfa.

Sabuwa, ta hannu, ko ta maƙera?

Akan samu ta hannu wajen ma'aikatan da ke barin gari ko wanda ya saya ya gaji. Sau da yawa ta hannu mai kauri ta fi sabuwa mai sirara. Sharaɗin shi ne a gan ta a haɗe tana aiki, a ƙirga notuna, a karɓi takardar haɗawa, a kuma ɗauki hotonta da salula ta kowane gefe kafin a kwance, don a san yadda igiyar ta zagaya.

Haka zalika masu walda na kasuwar Katako suna iya ƙera benci da matokarar sanda masu ƙarfi, kuma in abu ya lalace ga mai shi nan kusa. Abin da ke da wuyar dacewa a aikin hannu shi ne daidaiton igiya da puli da awon nauyi. Don haka wanda aljihunsa bai kai ba, benci mai kyau na Katako da ƴan ƙarafan hannu biyu da igiyar roba sun fi masa na'ura mai arha da za ta tsaya bayan wata uku. Araha ba ta ado.

Lissafin riba da faɗuwa

A misali, a ce na'ura ta ci jika 300. In mutum ɗaya ya hau ta kwana 2 a mako har shekara 3, hawa 312 ke nan, kowane hawa bai kai jika ɗaya ba. In su biyu ne a gida, kuɗin ya rabu biyu. To amma in aka yi wata uku aka gaji, ta koma wurin shanya zannuwa, hawa 26 kawai aka yi, kowanne ya tashi sama da jika 11. Saboda haka muna ba da shawarar a fara gwada kai: a yi wata biyu ana tashi-zauna daga kujera, ana ɗaga jarkar ruwa, ana tattaki, kwana 2 a mako ba fashi. Wadda ta riƙe wannan za ta riƙe na'ura. Kuma kada a taɓa jarin rumfa ko a ci bashi saboda ita.

Lafiya kafin ƙarfe

Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko ƙaba, da mai juna biyu, da wadda aka yi wa tiyata ba da jimawa ba, su ga likita tukuna. A fara da nauyin da za a iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da yamutsa fuska ba, a maimaita zagaye 2 ko 3, a bar kwana ɗaya tsakani don jiki ya huta. Kada a riƙe numfashi lokacin ɗagawa, domin yana sa jini ya hau nan take. A lokacin zafi a yi da asuba ko bayan isha'i, da ruwan sha a kusa. In an ji ciwon ƙirji ko jiri, a tsaya.

Ƴan uwa mata kada su ji tsoron za su yi damatsa irin na ƴan kokowar Takobi. Halittar jikin mace ba ta ba da haka da motsin kwana biyu a mako, abin da za a samu shi ne ƙarfin baya da gwiwa da ƙashi. Haka kuma babu na'urar da ke narkar da tumbi shi kaɗai, ko me mai talla ya faɗa. Wannan sai an haɗa da rage mai da sukari da lemun kwalba.

Daga ƙarshe, a kula da yara. Jerin ƙarafan nan na iya datse yatsa, don haka a cire ɗan ƙarfen zaɓar nauyi a ɓoye shi bayan an gama, a kulle ɗakin. A riƙa goge ƙura, a shafa ɗan mai a dogon da ƙarafa ke bi, a ɗaure notuna duk wata, kuma da zarar an ga igiya ta fara fitar da gashi a daina hawa sai an canza ta. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.