Jar Fitilar Batir Mai Kamawa Tana Ɗaukewa

Wani direba mai jigila tsakanin Gummi da Anka ya aiko yana tambaya, me ke sa jar fitila mai hoton batir ta riƙa kamawa a motarsa, alhali ya sake batir sau biyu?

To malam, da wuya laifin batir ne. Fitilar nan cewa take yi caji ba ya shiga. Fara duba fambel, in ya saki altaneta ba za ta juya sosai ba. Sai kan batir, gargadar hanya takan sassauta shi, farin gari ya taru. Kankare, ka ɗaure tamau.

In ta sake kamawa, je wurin mai wayarin ya sa mita. Inji a kashe, lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6, inji na aiki kuwa kusan 14. In bai haura 13 ba, altaneta ce, galibi kabon ɗinta ya cinye. Ko motocin lantarki suna da ƙaramin batir mai bolt 12, in ya yi sanyi shi ma yakan tayar da fitila.

Kada dai ka kama hanyar Bukkuyum da dare fitilar tana ci. Fitilun gaba za su zuƙe batir, mota ta mutu maka a daji.