Kamun Tarwaɗa da Ramboshi: Wane Lokaci Ya Dace?

'Yan'uwa, a ƙauyukan da ke bakin kogin Binuwai da Gongola, daga Numan har zuwa Ibi, tsofaffin masunta suna kukan cewa manyan tarwaɗa da ramboshi sun yi wuya. Babban dalili guda shi ne lokacin da ake kama su.

Yadda suke rayuwa

Tarwaɗa da ramboshi 'yan gida ɗaya ne. Ba su da ɓawo, suna da gashin baki, kuma a cikin kansu akwai wata gaɓa da ke ba su ikon shaƙar iska. Shi ya sa tarwaɗa take iya zama cikin taɓo bayan sauran kifaye sun mutu. Ramboshi ya fi girma. Wanda ya daɗe a ruwa yakan wuce mita 1 a tsawo, amma sai ya yi shekaru kafin ya kai haka.

Da damina

Idan ruwan sama ya kankama, kogi ya fara shiga fadama, manyan kifayen sukan bar zurfi su hau cikin ciyawa, galibi da dare. A nan macen take zubar da ƙwai dubu-dubu, su manne a jikin ciyawa. Cikin kwana 1 zuwa 2 sukan ƙyanƙyashe. Iyayen ba sa tsaron su. Ciyawar ce mafakarsu, ita ce kuma rumbun abincinsu har ruwa ya fara janyewa.

A wannan lokaci kamu yana da sauƙi ƙwarai. Ruwan bai kai gwiwa ba, ko yaro da adda zai samu. Amma duk macen da aka sare da ƙwai a ciki, an kashe kifin baɗi tare da ita. Kuma babbar mace ta fi ƙarama yawan ƙwai nesa ba kusa ba. Manomi ba ya cinye irinsa don ya ga rumbu a buɗe. Haka ya kamata masunci ya yi.

Da kaka da rani

Daga wajen Nuwamba ruwa yakan koma. Kifin ya riga ya hayayyafa, ya ci ya yi ƙiba, yana neman hanyar komawa kogi. Wannan ne lokacin gura da mamari da kalli. Zuwa Fabrairu da Maris, sauran kifin yakan taru a tafkuna, sai gari ya sa ranar su, a shiga da koma. Banda ma ta fi kyau a rani, gama itace a bushe yake, kifin kuma ba ya saurin yin fumfuna.

Kakanni sun san wannan. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ana hana su a Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Hutun da ake ba ruwan ne yake sa a ga manyan kifaye ranar biki.

Abin da za mu iya yi

• A bar fadamun da kifi ke ƙwai su huta daga farkon damina har ruwa ya fara janyewa.
• Kada a datse hanyar kifi gaba ɗaya. A bar ƙofa.
• Gidan sauro na gado ne. Idan aka ja shi a ruwa, yakan kwashe 'ya'yan kifi, yara kuma su kwana cikin sauro.
• Kada a zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari a tafki. Yana kashe babba da ƙarami, yana cutar da masu ci da masu shan ruwan. Dokar kamun kifi ta Nijeriya ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki.
• A keɓe gurbi ɗaya mai zurfi wanda ba za a taɓa ba ko da rani, domin iri.

Mutum ɗaya ba zai iya ba. Idan wani ya bari, maƙwabcinsa ya kama, an yi aikin banza. Sai mai gari da Sarkin Ruwa da masunta da mata masu banda sun zauna sun yarda, har da ƙauyukan da ake shan ruwa ɗaya da su.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A wane wata kifi yake hawa fadama a wurinku?
2. Wace doka ce ta ruwa kakanninku suka bi wadda aka bari yanzu?
3. Iyalin da suka dogara ga kifi, me za su ci a watannin hutu, kuma ta yaya jama'a za su taimake su?