In Za a Yi Ƙaura, Kada a Manta da Takardar Yaro

Ya kai uba, sau da yawa akan tashi daga Kiru ko Tudun Wada a koma Doguwa ko Riruwai saboda noma ko kasuwa. A kwashe hatsi da tukwane, a bar takardar yaro. Ƙarshenta ɗan aji huɗu a mai da shi aji biyu, ko ya yi ta zaman gida.

To, kafin ka tashi, je wurin hedimasta ka karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon jarrabawar zangon ƙarshe. Haɗa su da takardar haihuwa. Da saukarku, kai yaro firamare mafi kusa da kanka, kada ka ce sai Satumba. In an ce babu gurbi, nemi mai unguwa ya raka ka ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma tilas.

Haka nan Islamiyya: malaminsa ya rubuta maka surar da ya tsaya.

Yaro amana ne, za a tambaye mu. Allah Ya sa mu dace, amin.