Shamuwa, Baƙuwar Farkon Damina

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, idan zafin bazara ya kai maƙura, abu biyu manomi yake dubawa a sama: hadari daga gabas, da shamuwa. Ranar da aka wayi gari aka gan ta tsaye kan rimi ko tsamiyar bakin gari, sai ka ji dattawa na cewa a fito da iri, a kai garma wajen maƙeri. Yara kuma su bi ta da waƙa.

Mutanenmu na cewa ita ke kawo ruwa. Gaskiyar magana, bin ruwan take yi. Daga Nuwamba zuwa Maris, muna cikin hunturu da rani, tana can kudancin Afirka, wajen su Zambiya da Zimbabuwe da Botsuwana, inda a lokacin ake damina. Da ruwansu ya ɗauke sai ta juyo arewa, ta iso mana tare da yayyafin farko. Dalilin wannan doguwar tafiya ciki ne. Fara da tsutsa da sauran ƙwari su ne abincinta, su kuwa sai ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta tsiro suke yawaita. Saboda haka dattijon da ya ɗauke ta alamar shuka bai yi kuskure ba.

Matso ka dube ta da kyau. Tsayinta kamar santimita 73, nauyinta ya ɗan haura kilo 1, kuma ita ce ƙarama a duk danginta. Baya da wuya baƙi mai sheƙi, ciki fari fat. A lokacin ƙwai fatar fuskarta shuɗiya ce, da ɗan ja a gaban ido. Ƙafafunta dogaye ne masu ruwan toka, da jar gaɓa a tsakiya wadda kowa ke kira gwiwa, alhali idon sawu ne. Gwiwar gaske tana can sama, ɓoye cikin gashi. Da waɗannan ƙafafun take ratsa ciyawar fadama a natse, taki ɗaya ɗaya, ta sa dogon bakinta mai tsini ta cafke fara kafin ta yi tsalle. Idan rana ta take, takan saki kashi a kan ƙafafun nata, danshin ya bushe ya rage mata zafin jiki. Shi ya sa wani lokaci za ka ga sun yi fari.

Abin da ya fi burge ni shi ne tashinta. Ba ta wahalar da kanta da kaɗa fiffike. Takan jira hantsi ya ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa, sai ta shimfiɗa faffaɗan fikafikanta ta shiga kewayawa, tana yin sama har ta zama ɗigo, sannan ta sulala zuwa inda wata iskar ke tashi. Da haka take cin dubban kilomitoci, ƙasusuwanta marasa nauyi suna taimaka mata.

Malamin firamare a Hunƙuyi ko Ikara da ke son koya wa yara rabe-raben tsuntsaye, allonsa na nan a sama. Shamuwa a cikin tashi wuyanta miƙe yake, ƙafafu miƙe a baya. Belbela, ci da motsin wani, da ɗan'uwanta zalɓe, naɗe wuya suke yi. Duk masu dogayen ƙafafu ne, amma gidansu daban. Ɗan gidan shamuwa shi ne babba da jaka, duk da muninsa. Jemage kuwa ko ya fi kowa iya tashi ba ya cikin lissafi: haihuwa yake yi ya shayar, ba shi da gashin tsuntsu.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A kan shamuwa karin maganar ta faɗa daidai. Sheƙarta tarin ƙirare ce a buɗe, ba rufi. A ciki take yin ƙwai biyu ko uku, macen da namijin suna karɓa-karɓar kwanci kusan wata guda. Ruwan Yuli da Agusta a bayansu yake sauka, 'ya'yan na ƙarƙashi. Kuma a tsakiyar mutane take zaɓar yin wannan sheƙa, don ta saba ba a taɓa ta. Tun muna yara aka hana mu harbinta da danƙo ko ɗaukar ƙwanta, ana cewa gidan da ta sauka ya yi arziki. Ni dai ina ganin hikima a wannan hani, domin farar da ta cinye ba za ta ci dawa ba.

Har yanzu ba ta cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu a duniya. Amma manyan itatuwan da take sauka a kai suna tafiya gawayi da katako, gonakin masara da tumatir da barkono kuma ana yi musu feshi ba ƙaƙƙautawa, ƙwaron da ya sha guba shi take haɗiya ta kai wa 'ya'yanta. Duk mai niyyar sayar da rimin ƙofar gidansa, ina roƙonsa ya ɗaga kai tukuna ya duba ko akwai tsohuwar sheƙa a reshe, domin shamuwa takan koma inda ta saba.