Asalin Gidan Waya a Ƙasar Gana

Kafin zuwan Turawa, fataken goro su ne masu kai labari tsakanin Kano da Salaga. Wasiƙa takan yi watanni a hanya, domin sai ta bi ayari zango-zango.

A shekarar 1881 aka ja wayar tangarahu ta farko a ƙasar, daga Cape Coast zuwa Elmina. A 1892 kuma aka buɗe ɗakin haɗa tarho na farko a Accra. A wannan shekarar ce yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga, fatake da yawa suka ƙaura zuwa Kete-Krachi.

Gwamnati ce ta riƙe harkar, kuma hukuma ɗaya ke kula da wasiƙu da tangarahu da tarho. Wannan haɗin ne ya sa Hausawa ke kiran ofishin wasiƙu gidan waya. Sai a 1995 aka raba su, aka sami Ghana Post da Ghana Telecom. Vodafone ya sayi kashi 70 cikin ɗari na Ghana Telecom a 2008, sannan ya sayar wa Telecel a 2023. Tarho ya koma aljihu, amma sunan gidan waya bai sauya ba.